Takalmin da Yake Tsinkewa da Safe

A jikin katangar makarantar firamare, daidai inda titi ya lanƙwasa, akwai wata 'yar rumfa mai kwano huɗu. Benci ɗaya ne a ciki, da akwatin katako mai aljihu shida, da wani guntun ƙarfe mai nauyi da ake bugun takalmi a kansa. Mai rumfar ya shekara talatin da ɗaya a wurin. Yara suna kiransa Baba Ƙusa, saboda in yana aiki ƙananan ƙusoshi yake jerawa a leɓensa yana zarowa ɗaya-ɗaya. A haka yake amsa gaisuwa, a haka yake faɗa, a haka yake dariya, kuma bai taɓa haɗiye ko ɗaya ba. Yaran da suka laƙaba masa sunan, yanzu su ne suke kawo nasu 'ya'yan makarantar.

Ba a rumfa ya fara ba. Yana saurayi ya shiga wata masana'antar takalma, ya yi shekara tara a tsaye gaban inji ɗaya yana yanka tafin takalmin hagu. Na hagu kawai. Na dama wani ne yake yankawa can ƙarshen zauren, ko fuskarsa bai sani sosai ba. Da masana'antar ta rufe, ya fito da guduma da basilla biyu, ya ce wa matarsa ko ba komai yanzu zai riƙa ganin ƙafafun da suke sa abin da hannunsa ya taɓa. Tun daga nan bai daina kallon ƙafa ba. Fuska takan ɓace masa, suna ba ya zama a kansa, amma ya san mai cin dunduniya ta waje, ya san mai jan ƙafa, ya san wanda ya gaji takalmin yayansa yana cusa takarda a gaba. Yara kuwa da lambar takalminsu yake kiransu. "Talatin da Biyu, ina ƙanenka?" Su amsa kamar da sunan aka haife su.

Bai yi nisa a karatun boko ba, don haka ba ya rubuta sunan kowa a takarda. Yana da tasa hanyar. In ka bar masa takalmi, sai ya ɗauki guntun fata cikin ragowar aiki ya raba shi biyu da wuƙa, yankan a karkace, mai haƙora-haƙora, ba ya taɓa yin iri ɗaya sau biyu. Rabi ya ɗaura a jikin takalmin, rabi ya miƙa maka. Ranar da ka dawo sai a haɗa. In baki ya hau baki, ɗauki kayanka. In bai hau ba, ko kai ne shugaban makarantar sai ka koma ka nemo naka. An taɓa yin haka da shugaban makarantar kuwa, ya koma ofis da silifas ɗin aro.

'Ya'yansa mata biyu sun girma, kowacce tana ɗakinta. Tsakaninsu akwai namiji, wanda zazzaɓin kwana uku ya ɗauke yana da shekara biyar da wata huɗu, saura 'yan makonni a sa shi makaranta. Baba Ƙusa ba ya ɗauko zancen, mutanen layin ma ba sa ɗaukowa. Amma in baƙo ya tambaye shi 'ya'yansa nawa, uku yake cewa.

Dab da rumfarsa akwai teburin wata mata mai sayar da biro da littattafan rubutu. Shekararsu goma sha biyu suna maƙwabtaka, ba a taɓa yini ba su tsokani juna ba. Ita tana ce masa Tsoho, shi yana ce mata Mai Biro, kuma ranar da ɗaya bai fito ba ɗayan yakan yini kamar mara lafiya.

Wata Litinin, ƙarfe bakwai da kwata, wata farar bas ta haya ta tsaya gaban rumfar. Direban ya fito, dogon mutum mai saurin magana, hannu ɗaya riƙe da 'yarsa, ɗayan riƙe da baƙar sandal. Yarinyar 'yar aji ɗaya ce, shekararta shida, tana ɗingishi da safa a ƙafa guda.

"Baba, taimaka mini. Muna fitowa maɗaurin ya tsinke, ga fasinja can suna jirana a tasha."

Baba Ƙusa ya dubi ƙafar. "Ashirin da Takwas, zauna nan."

Minti biyar ya ɗinke maɗaurin. Yana miƙa mata aka kaɗa ƙararrawa. Sai yarinyar ta ƙanƙame bencin da hannu biyu, ta ce cikinta yana ciwo. Uban ya lallaba, ya yi alkawarin alewa, ya daka tsawa, a ƙarshe ya ɗauke ta cak ya shige da ita, hawaye na zuba amma ba sauti.

Ranar Laraba suka dawo da ɗaya ƙafar. Litinin ta zagayo, ga su kuma da ta farkon.

"Baba," in ji Direba yana murmushi, "anya ɗinkin nan naka bai fara tsufa ba?"

Mai Biro kamar jira take. "Ai na daɗe ina faɗa ba a ji. Idon ya tafi, bakin ne kawai ya rage."

Baba Ƙusa ya juya sandal ɗin a hannunsa. Ɗinkinsa yana nan daram, sawu bakwai, ba wanda ya motsa. Tsinkewar tana gefe, tazarar yatsa guda. Fatar da ta tsinke don kanta bakinta yakan yi gashi-gashi. Wannan kuwa sumul yake, a miƙe kamar an ja layi.

"Direba," ya ce, "motarka ta tare wa mutane ƙofa. Matsar da ita gaba."

Da uban ya tafi, tsohon ya ci gaba da sa zare a basilla, bai ɗago ba.

"Almakashin gidanku yana da kaifi."

Yarinyar ta daina kaɗa ƙafa.

"Na Ummanki ne?"

Yarinyar ta gyaɗa kai. Can ƙasa-ƙasa ta ce, "Na asibiti ne."

"Na ga alama. Aikin ya fita tsaf. Ni da nake sana'ar, wuƙata ba ta yanka haka."

Ta saci kallonsa ta ga ko fushi yake. Ba fushi yake ba.

"Za ka faɗa wa Abba?"

"Yau dai a'a. Amma ki sani ni ba na daɗewa ina ɓoye wa mai kaya abin da ya sami kayansa. Me ya sa kike yankawa?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin rigarta.

A nan Baba Ƙusa ya yi kuskuren da sai mai gyaran takalmi zai yi. A wurinsa duk wata damuwa ta duniya daga ƙafa take farawa. Da ya sa mata sandal ɗin ya danna gaban da babban yatsansa, ya ji yatsanta ya kai ƙarshe. Shi ke nan, ya gano. Takalmi ne ya matse yarinya, ta rasa yadda za ta faɗa. Ya ce wa Direba ƙafar ta girma, a nemo mata ashirin da tara. Washegari ta zo da sabuwa fil, ruwan ƙasa, mai maɓallin ƙarfe. Tsohon ya yini yana yi wa Mai Biro bayanin yadda ilimin ƙafa ya fi na littattafan da take sayarwa ba ta karantawa.

Kwana biyu aka kawo sabuwar a yanke.

Mai Biro ta yi dariya har ta dafa tebur, birai suka gangaro ƙasa. "Likitan ƙafa! A ƙara mata lamba mana. A kai ta arba'in, mu ga ko za ta warke."

Direba dai ba dariya a fuskarsa. Cikin mako biyu yarinyar ta yi fashin kwana huɗu, malamar ajinsu ta aiko da takarda gida. Uwarta, wadda nas ce, ta kai ta an duba cikin ba a ga komai ba. Shi kuma kullum sai an gama lodin farko yake isa tasha. Ya ce wa tsohon ya gaji da ɗaukarta tana kuka, ya rasa abin da ya shiga kanta, yarinyar da a makon farko ita take tashinsu da asuba da jaka a baya. Ya tsallaka titi da waya a kunne yana ba mutanen tasha haƙuri.

Yana can, wani mutum mai tabarau ya tsaya gaban rumfar yana lalube a aljihu. Ya zaro guntun fata da ya yi baƙi don daɗewa. Baba Ƙusa ya miƙe, ya sauko da wasu takalman ofis daga can saman katakon da yake jera takalma, ya hure ƙurar kansu. Ya haɗa guntun mutumin da wanda yake ɗaure a jikinsu. Haƙora suka shige cikin haƙora. Yarinyar ta matso tana kallo, bakinta a ɗan buɗe.

"Wata biyar," in ji tsohon bayan mutumin ya wuce. "Ai na san zai zo."

"In da bai zo ba fa?"

"Zai zo. Wanda rabin fata yake aljihunsa, ko shi ya manta, aljihun zai tuna masa."

Ta daɗe tana kallon gurbin da takalman suka bari a kan katakon.

"Ni ranar nan ba a zo ba."

Baba Ƙusa ya dakatar da basilla. "Wace rana?"

Ta faɗa masa, a gutsure, yana tambaya tana ƙarawa. Wata Alhamis ce. Da ya lissafa baya sai ya ga ranar ce ya rufe rumfa ya tafi ganin ƙaramar 'yarsa da ta haihu, Mai Biro kuma da ma da azahar take tashi. An canza wa Umma lokacin aiki a asibiti, ta ɗauka Abba ne zai zo. Abba ya ɗauka Umma ce. Aka tashi ƙarfe ɗaya da rabi. Yara suka watse, malamai suka tafi, mai shara ta bi azuzuwa tana rufewa, yarinyar tana ƙirga ƙarar kwaɗo, guda tara. Mai gadi ya ba ta kujerarsa, ya rufe rabin ƙofa. Sai ƙarfe huɗu iyayen suka iso, kusan tare, kowa yana haki. Suka ɗan yi wa juna faɗa, sannan suka fashe da dariya, suka saya mata askirim a hanya.

"To ai sun zo," in ji tsohon a hankali.

"Amma in baƙi suka zo gidanmu sai Abba ya ce, bari in ba ku labarin ranar da muka manta da ita. Kowa ya yi ta dariya." Ta murza bakin rigarta. "Har Umma."

Baba Ƙusa ya cire ƙusoshin bakinsa ɗaya bayan ɗaya ya zuba a gwangwani. Mai Biro, da take jin komai daga teburinta, ta juya tana gyara littattafan da ba su karkace ba.

"Yau za mu faɗa wa Abba," ya ce. "Ke za ki faɗa ko ni?"

"Kai ka fara."

Ya ɗaga wa Direba hannu. Da ya tsallako, tsohon ya nuna masa bakin maɗaurin, ya nuna masa bambancin tsinkewa da yanka. Fuskar Direba ta canza.

"Wato ke ce kike..."

"Zauna tukuna, ɗana. Rabi ka ji."

Bencin gajere ne, Direba dogo, da ya zauna gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa. Yarinyar ta faɗi sauran tana kallon safarta. Da ta zo wurin kwaɗo tara, ya sa hannu ya shafa fuskarsa. Da ta zo wurin dariyar baƙi, ya sunkuyar da kai.

"Uwata," ya ce daga baya, "na ɗauka kin manta. Wallahi na ɗauka kin manta. Ni dariyar da kike gani, ranar tsoro ne ya kusa kashe ni, shi ya sa nake mayar da abin wasa." Ya jawo ta jikinsa. "Ki yi haƙuri. Labarin nan ya mutu daga yau."

Baba Ƙusa ya buɗe aljihun akwati na uku, ya zaɓi guntun jar fata mai laushi, ya raba shi da wuƙa, ya yi masa haƙora biyar. Ya huda kowane rabi ya sa zare.

"Ashirin da Tara, buɗe kunnenki. Wannan naki ne, a jakarki zai zauna. Wannan kuma ba na Abba ba ne, ba na Umma ba ne, na mai zuwa ɗaukarki ne. Kowace safiya a gaban idonki za a miƙa wa wanda zai zo. Guda ɗaya ne tak a duniya. Ba yadda za a yi wannan ya ce na ɗauka wancan ne, don ko yana aljihunka ko ba ya nan." Ya juya ga uban. "Kai kuma in ka zo ba shi, ba zan ba ka yarinya ba. Tambayi shugaban makaranta."

"Ikon Allah," in ji Mai Biro. "Yau kuma yara ake ajiyewa a rumfar? To a ɗaura mata a kunne, a ɗora ta saman katako da sauran takalman."

Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya. Sai a lokacin Baba Ƙusa ya san tana da giɓi a gaba.

Ranar ba ta shiga aji ba, tsohon ya ce a bar ta. Washegari uwar ce ta kawo ta, gajeriyar mace mai farin takalmi lamba talatin da bakwai, wanda tsayuwar asibiti ta cinye wa dunduniya ta ciki. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ciro jar fatar daga aljihun rigar aikinta ta nuna masa, ta yi ta godiya. Ta shiga ta yi magana da malamar ajin. Malama ta mayar da yarinyar kujerar jikin taga, ɓangaren katanga.

Da aka tashi, bayan an haɗa fata da fata a kan benci, yarinyar ta ce, "Baba, daga wurina ina jin gudumarka."

"Da gaske?"

"In na ji sai in san kana nan."

Daga ranar gudumar ba ta huta ba. In akwai aiki ya buga aiki. In babu, ya buga ƙarfen a haka, sau uku-uku, ya huta, ya sake.

"Tsoho, takalmin aljanu kake gyarawa?" in ji Mai Biro, yatsa a kunne.

"Ke dai sayar da bironki. Manyan kwastomomi ba kowa yake ganinsu ba."

Abin bai warke a rana ɗaya ba. Ciwon cikin yakan dawo, musamman ranar Litinin. Wata safiya ta kai har bakin ƙofa, ta juyo da gudu ta zauna a benci tana numfashi sama-sama. Baba Ƙusa bai ce mata tashi ki tafi ba, bai ce mata ba komai ba ne. Ya ce, "Yau tsoron ya zo da ƙarfi ko?" Ta ce i. Ya ce, "To zauna mu jira ya gaji." Ya miƙa mata wani takalmi ya ce ta ƙirga masa sawun ɗinki, idonsa ba ya gani, Mai Biro ce shaida. Ta ƙirga ashirin da shida. Ya ce ƙarya ne, ashirin da biyar ya yi. Ta sake ƙirgawa da ƙarfi, ta ci gardama. Minti goma sha biyu ta miƙe da kanta, uban ya raka ta, malama ta karɓe ta ba tare da ta ce mata ta makara ba. Almakashin kuwa uwar ba ta ɓoye shi ba, yana nan inda yake a gida, ba a sake taɓa shi ba.

A mako na biyar, ranar Talata, fatar tana wurin Direba. Aka tashi ɗaya da rabi. Yarinyar ta fito ta zauna a benci, ta ciro rabinta ta riƙe. Yara suka ragu. Ƙarfe biyu saura kwata babu farar bas. Ƙarfe biyu, babu. Daga cikin makaranta aka ji ƙarar kwaɗo na farko. Baba Ƙusa ya ga kafaɗunta sun ɗaga.

Mai Biro, wadda ya kamata a ce ta tashi tun ɗazu, ta sake kwance kayan da ta ɗaure.

"Baba, ina yake?"

"Ban sani ba," ya ce. Ba ya yi wa yaro ƙarya ko da ta lallashi ce. "Amma da safe wa kika ga an ba?"

"Abba."

"A ina ya sa?"

"A aljihun gaba. Ya maɓalle."

"To. Ni kuma ina nan, ba inda za ni. Ciro sandal ɗinki, ga burushi. Ƙura ta yi mata yawa, kina ba ni kunya."

Ta goge ta hagu. Ta goge ta dama. Kwaɗo na biyar, na shida. Hawaye guda ya sauka a kan maɓallin ƙarfen, ta sa burushi ta goge shi. Ba ta ƙanƙame benci ba.

Biyu da minti ashirin sai Mai Biro ta yi ihu, "Ga dogonku can!"

Daga lanƙwasar titi Direba ne a guje, ba mota. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, hannayensa baƙi ƙirin da dattin taya, tafin takalminsa na dama ya ɓalle yana faf-faf a kan kwalta. Hannunsa ɗaya a sama, yana kaɗa jar fata tun daga nesa kamar mai tsayar da jirgi. Ya iso ya dafa ginshiƙin rumfa, yana haki.

"Taya... ta fashe... waya ta mutu... Uwata..."

Yarinyar ta miƙe. Ta karɓi rabin nasa, ta ɗora a benci kusa da nata, ta tura su a hankali har haƙora biyar suka shige. Ta duba da kyau, kamar yadda ta ga ana yi. Sannan ta ɗago.

"Ka makara."

"Na makara, Uwata."

"Amma ka zo."

"Da gudu ma."

Ta dubi ƙafarsa. "Abba, takalminka ya tsinke."

Baba Ƙusa ya karɓi takalmin, ya juya shi, ya kai shi kusa da ido, ya ɗaga gira. "Wannan dai na tabbata ba aikin almakashi ba ne."

Mai Biro ta zauna dirshan a kan kwalin littattafai don dariya. Direba yana dariya yana tari, 'yarsa ta rataye a wuyansa, duk ya shafa mata baƙin taya a farar riga, uwar ta yi kwana biyu tana mita.

Tsohon ya zaci washegari za a koma baya. Ya fito da wuri, ya share benci. Ƙarfe bakwai da minti goma sai ga su. Ta gaishe shi, ta gaida Mai Biro, ta shige riƙe da hannun ubanta tana ba shi labarin wata ƙawarta da aka cire wa haƙori.

Bayan kamar wata guda, wata safiya bas ta tsaya, suka fito kamar kullum. Direba ya kama hannunta za su nufi ƙofa. Daidai rumfar sai ta tsaya, ta zare hannunta.

"Abba, ka tsaya nan."

"Ba zan raka ki aji ba?"

"'Yan ajinmu ba a raka su. Jarirai ake rakawa." Ta hango wata yarinya mai jaka shuɗiya a bakin ƙofa, ta ƙwala mata kira, ta ruga. Suka haɗa kai suna magana lokaci ɗaya, suka shige cikin sauran yara.

Direba ya tsaya da hannunsa a buɗe yadda ta bar shi. Ya leƙa ta ƙofa, ya yi ɗage, ya sake leƙawa.

"Baba, ko waiwayowa ba ta yi ba."

"Na gani."

"Ko hannu ba ta ɗaga mini ba."

Mai Biro ta zaro hankici ta miƙo masa. "Ungo, share. Ko cikinka ne yake ciwo kai ma? In kira malama ta ba ka kujerar taga?"

Baba Ƙusa ya kwashe takalman da suke kan benci ya ajiye ƙasa. "Zauna, ɗana. Minti biyu."

Direba ya zauna. Aka kaɗa ƙararrawa. Daga bayan katanga hayaniyar yara ta lafa, aka fara jin muryar malami yana jera su a layi. Su ukun suka yi shiru suna saurare.

"Gobe ma haka za ta yi mini?"

"Gobe ma, jibi ma," in ji tsohon, fuskarsa cike da murmushi. "Tashi, fasinja suna jiranka."